Inshorar biza ba ta mayar da kuɗin fasa tafiya

A ce ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya biya wa kansa da maiɗakinsa tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa, irin wanda ke tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen ya zaga Bahar Rum. Saura kwana goma ciwon sugan Hajiyarsa ya tashi, aka ba ta gado. Ya fasa, hankalinsa kwance, wai ai yana da inshora.

Nan mutanenmu ke kuskure. Takardar inshorar da ya yanka ta neman bizar Shengen ce, wato bizar shiga galibin ƙasashen Turai, wadda dokarsu ta ce kada abin da za ta iya biya ya gaza Yuro 30,000. Aikinta jinyar matafiyin idan ya kwanta a can, da dawo da shi gida. Biyan asarar fasa tafiya wani sashe ne daban, sai an saye shi.

Ko an saya ma, da sauran rina a kaba. Kowane kamfani yana da jerin waɗanda ya yarda dangi ne na kusa: iyaye, mata ko miji, 'ya'ya, 'yan'uwa. Gwaggon da ta goya ka, a wurinmu uwa ce, su kuwa idan ba ta cikin jerin, shi ke nan. Sannan ciwon da aka san da shi tun kafin a yanki inshorar, irin sugan Hajiya, galibi ba sa biya a kansa. Sabon ciwo kuwa sai da takardar likita.

Shi kuma kamfanin jirgin, ranar tashi na matsowa abin da yake riƙewa na ƙaruwa, a kwanakin ƙarshe ma yakan cinye kuɗin duka.