LastPass ma haka suka ce

Marubucin wani labari da na karanta ya ce a kwantar da hankali, wai kamfanin manhajar adana kalmomin sirri ba ya ganin abin da ka ajiye. To, LastPass, kamfanin wata manhaja irin wannan, su ma haka suka ce. A 2022 masu kutse suka shiga kwamfutar gidan wani injiniyansu ta tsohuwar manhajar kallon bidiyo ta Plex da bai sabunta ba, suka kwashe kwafin rumbun bayanan masu amfani. Kalmomin sirrin a kulle suke, gaskiya ne, amma adireshin shafukan da mutum ke shiga a buɗe aka same su, kuma duk wanda babbar kalmar sirrin da yake buɗe rumbunsa da ita gajera ce, ɓarawo zai zauna a nutse ya yi ta gwadawa. Malam da ka yi sharhi a kan labarin kana cewa gara a rubuta kalmomin sirri a littafin aljihu, ban raina dabararka ba, sai dai ranar da ya ɓace fa? Ni na fi natsuwa da wasu manhajojin irin su Bitwarden ko KeePass, tunda masana na iya duba yadda aka gina su. Kuma me ya sa labarin bai duba saurin kamfani wajen faɗin gaskiya ba? LastPass sun fara magana a Agusta, sai Disamba suka amsa cewa an kwashi rumbun.