Marie Tharp ba "mai zane kawai" ba ce

Jama'a, maganar nan da ake ta yaɗawa tun jiya, wai Marie Tharp "mai zanen taswira ce kawai", ainihin binciken ƙasan teku da aka san ta da shi na maza ne, wallahi ta ɓata mini rai. Wannan zalunci ne.

Matar nan 'yar Amurka ce, tana da digiri na biyu a ilimin duwatsu daga Jami'ar Michigan, ta ƙara da digirin lissafi. Da ta fara aiki a Jami'ar Columbia a 1948, ba a barin mace ta hau jirgin bincike. Maza su tafi teku su dawo da awon zurfi, ita kuma ta zauna ta bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. A 1952 ta lura cewa jerin duwatsun da ke ƙarƙashin tsakiyar Tekun Atilantika yana da wata ƙatuwar tsaga a bisa ƙololuwarsa. Ta ce nan ne ƙasan teku ke rabewa. Abokin aikinta Bruce Heezen ya ce zancen mata ne. Sai da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan tata, aka ga sun bi tsagar daidai, sannan ya sauko. Mai zane kawai ce za ta gano wannan?

Kada wani ya zo mini da Harry Hess, masanin duwatsu ɗan Amurka. Na san shi ya fito da bayanin buɗewar ƙasan teku a 1962, na san masanan Birtaniya Vine da Matthews sun kawo hujja daga maganaɗisun duwatsun ƙasan teku a 1963. Ban rage musu komai ba. Amma ramin da narkakken dutse ke ɓulɓulowa yana tura ɓangarorin biyu, ita ta fara ganinsa a takarda. Hatta Jacques Cousteau, shahararren mai binciken teku ɗan Faransa, bai yarda ba, sai da ya saukar da kyamara ya ga ramin a 1959. Da aka fara sanar da binciken a 1956, ba a sa sunanta ba. Sai 1968 ta samu hawa jirgi. Yanzu kuma bayan mutuwarta a sake share ta? Haba!

Wani abin da ke damuna ma, tsagewar da ta raba Afirka da Kudancin Amurka, Tekun Atilantika ya buɗe a tsakaninsu, ta bar mana reshe a gida. Kwarin Binuwai hannu ne na wannan rabuwar da bai kai ga zama teku ba. Ɗalibai nawa a Makurɗi ko Yola aka taɓa gaya wa haka a aji? Malaman jogarafi, ku taimaka ku riƙa haɗa musu darasin da ƙasar da suke takawa.