Ku bar matan nan su koya

To, na karanta abin da kuka rubuta a ƙarƙashin bidiyon nan na matan da ke zaune kan tabarma ana koya musu yadda za su kula da 'ya'yansu da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Wai "an tara mata ana koya musu wasa da jarirai". Wani ma cewa ya yi da kuɗi aka raba musu da ya fi. Sannunku da ƙoƙari, malaman Facebook. Mutumin da bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da yaron da ya kai wata goma wuyansa bai tsaya ba, yau shi ne mai ba da fatawa.

Ɗan ƙanwata yana cikin yaran da ke kan tabarmar nan. Shawara ce ta kama shi kwana uku da haihuwa, ido ya yi ɗorawa, aka ce a bari a yi suna tukuna. Kafin a kai shi asibiti ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wasu yaran doguwar naƙuda ce, aka haife su ba su yi kuka ba, wasu sanƙarau. Lafiyayyen yaro yana tsai da wuya a wata 3 zuwa 4, ya zauna wajen wata 6 zuwa 8. Namu ya shekara, kai na lilo. Har an fara raɗe-raɗin ɗan ruwa ne, a gaban uwarsa.

Daga ƙauyenmu a yi Ringim, daga Ringim a yi Kano wajen masu gashin ƙashi, ku lissafa kuɗin motar mutum biyu, ku haɗa da na abinci. Sau nawa talaka zai iya a wata? A ce sau ɗaya. Likita ya riƙe yaro rabin awa, ya sallame su. Sauran kwana ashirin da tara fa, yaron yana hannun wa? Uwa. Ita ke goyo, ita ke wanka, ita ke ba da kunu, ita ke farkawa cikin dare in jikinsa ya sandare. To in ba a koya mata ba, wa za a koya wa? Kansila?

Abin da kuke kira wasa, ga shi. An nuna wa ƙanwata ta riƙa kwantar da shi rub da ciki a kan cinyarta, tana kaɗa masa gwangwani mai tsakuwa a gaba, don ya ɗago kai da kansa. An nuna mata ta zaunar da shi cikin bahon wanki, ta tokare shi da zannuwa ta kowane gefe. An ce in za ta goya shi ta raba ƙafafunsa, kada su harɗe. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na abinci. A da a kwance take ɗura masa kunu, ya ƙware, ya yi ta tari, bayan kwana biyu ƙirji ya kama. Yanzu sai ta tayar da shi zaune, haɓa ta ɗan sunkuya, kunun da ɗan kauri, cokali kaɗan-kaɗan. Kuma tana yi masa magana tana kallon idonsa. Ranar da ya fara bin muryarta da ido, kuka ta yi, wallahi ni ma sai da na fita waje.

Na san za ku ce ai ba warkewa zai yi ba. Wa ya ce muku zai warke? Ƙwaƙwalwar da ta taɓu ba ta komawa yadda take, amma ta jariri tana saurin koyo, shi ya sa ake so a fara da wuri. Yaron da ya iya zama ya haɗiye abinci lafiya ba ɗaya yake da wanda aka yasar a ƙuryar ɗaki ba. Masu cewa a bar wa Allah kuma, ai ba wanda ya ƙwace. Ku in zazzaɓi ya kama ku, kemis kuke rugawa.

Kuma ba yau aka ƙirƙiro abin ba. Tun 1969 aka fara irinsa a garin Portage na Amurka, malami ya je gida mako-mako ya koya wa iyaye, don ƙauyuka ne masu nisa da asibiti. Su da suke da titi ke nan.

A koya wa uwa. A koya wa kaka ma, don ita ke hana ruwa gudu in ba ta gane ba.

Af, mazan fa? Na ƙirga a bidiyon, ko uba ɗaya babu. Duk kuna majalisa gindin dalbejiya ana musun ƙwallo.