Randar Jigawa a wata sakandare ta Ohayo

A watan Mayu na zauna a kan benci a zauren wasannin makarantar 'yata, a nan jihar Ohayo ta Amurka, ina kallon yara 'yan shekara 17 da 18 suna kare abubuwan da suka shafe shekara guda suna ƙerawa. Tebura ne a jere, kowanne da kayansa. Wasu samari uku sun haɗa wani ƙarfe da ake maƙala wa keken guragu don kada tayarsa ta riƙa nutsewa cikin dusar ƙanƙara. Wata yarinya da abokin aikinta sun yi abin buɗe kwalbar magani saboda tsofaffin da yatsunsu suka sandare. Can ƙarshen layi, kusa da ƙofa, ga 'yata da ƙawarta a tsaye gaban tukwanen ƙasa guda biyu, ƙarama a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, da wata 'yar fanka a gefe. Tun daga ranar abin yake cina a rai.

Darasi ne da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, wato aji 12 a lissafin nan, suke ɗauka idan sun bi layin injiniyanci. Sunan da suke kiransa da shi na dutsen da magini ke ɗorawa a ƙarshe ne a saman gini, kamar dai zanko a kan soro. Makarantu da yawa manhajar wata ƙungiya mai suna Project Lead The Way suke bi, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta kuma tana Indiyanafolis. Yaro zai fara da zanen injiniyanci a shekarun farko, ya koyi yadda ƙarfi da lantarki da na'ura ke aiki, sannan a shekarar ƙarshe a sake shi: ya nemo matsala da kansa, ya kawo hujjar cewa da gaske matsala ce, ya binciko abin da wasu suka riga suka yi a kanta, ya zana, ya ƙera, ya gwada, daga ƙarshe ya tsaya gaban injiniyoyin da aka gayyato daga waje su yi masa tambayoyi.

Wurin nemo matsalar nan ne na fara gane cewa abin ba wasa ba ne. Sau uku 'yata tana kai wa malaminta shawara yana mayar da ita da tambaya ɗaya: wa ke da wannan matsalar, kin yi magana da shi? Ranar wata Asabar muna gaisawa da mahaifiyata ta WhatsApp, sai yarinyar ta karɓi wayar. Sunanta ta ci, kuma ta san Hajiya na fama da ciwon suga, kullum sai ta yi allurar insulin.

"Hajiya, ina kike ajiye allurarki in an ɗauke wuta?"

"Takwara, ai sai an kawo ake ɗaukewa. A gindin randa nake sa ta."

Wannan amsar ce ta zama aikin shekara. Insulin da ba a buɗe ba ana so ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda ake amfani da shi kuma kada zafi ya wuce kimanin digiri 30 a kansa. Duk wanda ya san bazarar ƙasar Hadeja ya san ɗaki yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Da ta shiga binciken abin da aka riga aka yi, wani dare ta fito falo da kwamfuta a hannu tana cewa, "Abba, ka san wannan mutumin? Ɗan Jigawa ne fa!" Malam Muhammad Bah Abba ne, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, wanda ya taso a gidan masu ginin tukwane. Shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka a shekarun 1990: ruwan da ke cikin yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ciki. Gautan da ke yanƙwanewa a kwana 3 sai ya kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000. Cikin abin da ya sa a gaba har da 'yan mata masu talla, domin idan kayan lambu ba sa lalacewa a yini guda, ba dole sai an hana yarinya makaranta ta fita sayar da su ba.

Na san sunansa daga rediyo. Amma da na tambayi 'ya'yan ƙannena da ke sakandare a gida, ko ɗaya bai taɓa jin an ambace shi a aji ba. Yarinyar da aka haifa a Amurka ita ta same shi, saboda malaminta ya ce ba za ta taɓa guduma ba sai ta san waɗanda suka riga ta. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Tukwanen farko da suka saya na shuka furanni ne masu sheƙi a jiki, ruwa ba ya ratsa su, don haka sanyi bai samu ba ko kaɗan. Na biyu akwai huda a gindi, suka toshe, ya riƙa yoyo. Da suka dace da tukwanen kirki, sai suka gano in iskar ɗaki na da laima abin ba ya sanyi sosai, wato da damina ƙarfinsa zai ragu. Nan suka ƙara fankar da ƙaramin faifan sola ke juyawa. Duk wannan yana cikin wani littafi mai ɗinkakken bango da lamba a kowane shafi. Da biro ake rubutu, da kwanan wata da sa hannu, ba a yage shafi, ba a goge kuskure, sai dai a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi. Na sha ganin ta da daddare a gareji cikin rigar sanyi, ta duƙa tana karanta ma'aunin zafi tana rubutawa, yashi duk ya ɓata mata hannu.

Ranar karewa wani dattijon injiniya ya ɗauki littafin ya yi ta buɗawa, ya fi daɗewa a shafukan da abin ya ƙi. Ya tambaye ta ko tukunyar ta kai sanyin firji. Ta ce ba ta kai ba, ba kuma za ta kai ba, abin da za ta iya shi ne ta kare allurar da ake amfani da ita daga zafin bazara. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Wannan "ba ta kai ba" bai rage mata maki ba.

A nan tunanina ya koma ajinmu. Mu 'yan tsarin 6-3-3-4 ne, wanda aka fara a 1982, kuma niyyar tsarin kyakkyawa ce: kowane yaro a ƙaramar sakandare ya taɓa katako da ƙarfe da lantarki a darasin Intirotek. Gwamnati ta yi odar injuna daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya, aka rarraba wa makarantu. Namu sun iso, na gan su da idona. A cikin akwatunansu suka zauna a wani ɗaki da kwaɗo a ƙofa, babu wuta, babu ɗakin aiki, babu wanda aka koya wa haɗa su, har gara ta cinye katakon akwatunan. Malaminmu mutumin kirki ne, ya yi iya yinsa da alli. Ya zana zarto a allo, muka kwafa, muka haddace sunayen sassansa, muka ci jarrabawa. Shekara uku ban yanka katako ko sau ɗaya ba. Har yau ma masu zana WAEC ta waje akwai takardar da suke amsawa a madadin firaktikal, wato gwaji a kan takarda.

Amma mu ɗin nan, da an tashi daga makaranta, injiniyoyi ne a bayan gida. Motar kara muke yi mai taya huɗu da ke juyawa, mu yi ta langa-langa da sitiyari mai tsawo, mu yanka tsohon silifa mu yi taya, mu haɗa batir da ƙwan tocila mu sa mata fitila. In gatarin taya ya karye mu zauna mu gano dalili, mu canja. Ainihin abin da 'yata ta yi a gareji ke nan, sai dai ita an ba ta maki, mu kuwa in aka kama mu ana cewa muna wasan banza maimakon karatu.

Hannu ba shi muka rasa ba. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga yadda ake narka tsohon alminiyam ya zama tukunya, a yanka ganga ta zama murhu ko akwati, a haɗa injin markaɗe da na sussukar masara daga ƙarafan da aka zubar. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yaro ɗan shekara 15 zai buɗe waya ya canja abin da ido da ƙyar ke gani. A 2007 wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarfe, har kafafen labarai na duniya suka ɗauka. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya zo Ditiroit ya zana motar Chevrolet Volt. Abin da muka yi shi ne mun gina katanga tsakanin aji da maƙera, muka ɗora raini a kanta. Yaron da ake ganin ba ya ja a karatu shi ake kai wa gareji ko wajen mai walda. Kwalejin fasaha ta zama wurin wanda bai samu wani wuri ba, takardar NABTEB ana yi mata kallon ƙanwar WAEC, mai HND kuma ya yi ta fama a ofis da mai digiri. Sai muka samu injiniyan da ya san lissafin ƙarfe bai taɓa riƙe shi ba, da maƙerin da ya san ƙarfe kamar yunwar cikinsa amma ba ya iya rubuta awon abin da ya ƙera yadda wani zai maimaita.

Na san za a ce Amurka na da kuɗi da wuta. Gaskiya ne, kuma ba zan ce komai a nan daidai yake ba. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, don haka makarantar masu hali tana da injin yanka da leza, ta talakawa wani lokacin ko darasin ma babu. Na kuma ga teburin da kowa ya san hannun uba ne ya yi rabin aikin. Amma ku dubi kayan aikin 'yata: tukwane, yashi, ma'aunin zafi, fanka, littafi. Wanne ne babu a kasuwar Gumel? Tukwanen ma namu sun fi nasu. Abin da ta samu wanda ɗan ƙanena bai samu ba shi ne malamin da ya tura ta ta tambayi kakarta, da shekara guda ta yin kuskure ba tare da bulala ko dariya ba, da tabbacin cewa makin zai shiga takardar sakamakonta.

Wannan na ƙarshen shi ne gishirin. Ɗalibi da iyayensa da firinsifal duk inda maki yake can suke fuskanta. Kulob ɗin JETS, na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, ya daɗe a makarantunmu, amma na 'yan tsiraru ne da ake zaɓa don gasa, a je a dawo da kofi a ajiye a ofis. A 2011 an shigo da darussan sana'o'i 34 a babbar sakandare, a wurare da yawa su ma suka koma kwafar allo. Ni abin da nake so in gani shi ne ɗan SS3 da ke layin kimiyya ko fasaha ya yi aikin hannu guda ɗaya na tsawon shekara a kan matsalar unguwarsu, makin ya shiga cikin makin da makaranta ke tarawa: busar da tumatir a Kadawa ba tare da ƙura ba, tace ruwan rijiya, murhun da ba ya cin itace da yawa, sussukar gero da ba ta karya bayan mata.

Wani abokina malamin jami'a ya ce da ni, in aka wajabta, saye za a riƙa yi kamar yadda ake sayen furojet a shagunan kwamfuta na bakin jami'a. Tsoronsa na da tushe. Amma ana iya sayen injin da aka gama, da wuya a sayi littafin wata tara da rubutun hannun yaro da sa hannun malami mako-mako. Sannan a zaunar da shi gaban mutum uku, malami da injiniya da mai walda na bakin titi. Mai waldan nan tambaya biyu zai yi ya gane ko yaron ya taɓa riƙe ƙarfen. Kuma ranar da aka ba shi kujera da biro a zauren makaranta, aka kira shi Malam a gaban ɗalibai, katangar da na faɗa ta fara tsagewa.

Ba sai an jira Abuja ba. Kano ta taɓa yanke shawara da kanta a 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatu, har a nan Amurka muna haɗuwa da su. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da muke tara kuɗi muna fentin katanga da gina ƙofar shiga, kuɗin ƙofa ɗaya zai sayi zarto da filaya da ma'aunai da littattafan aji guda, ya kuma biya wani ogan gareji ladan zuwa sau ɗaya a mako. Na kai wannan maganar zauren ƙungiyarmu, wasu sun karɓa, wasu sun ce a fara gama masallacin makaranta da banɗakuna, kuma ban ga laifinsu ba.

Kafin su gama shawara, mun ɗauki hoton littafin 'yata shafi-shafi mun aika wa ɗan ƙanena da zai shiga SS3. Na tura kuɗin ma'aunin zafi da sabon littafi, Hajiya kuma ta yi magana da matar da ke gina mata randa, za ta yi tukwane biyu da awon da yarinyar ta rubuta. An yi da shi zai fara awo a watan Maris idan zafi ya kankama, sau uku a rana, ya ci gaba har ruwa ya sauka, domin takwarar Hajiya tana son ta san abin da tukunyar za ta yi a watan Agusta.