Rabin milimita na ce, ya yanke mini biyu

Fistan ɗin babur ɗina, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin silinda yana matse mai, yana gabana a kan tabarma yanzu da nake wannan rubutu. Ko sati uku bai yi a cikin inji ba, ga shi yara sun fara gara shi a tsakar gida.

Boxer ne babur ɗina, shekara bakwai muna tare, shi ke kai ni kasuwa, shi ke kai yara makaranta. Sau biyu ana yi wa silindarsa bora ana sa fistan mai faɗi, sau ɗaya aka shafe kan silindar da zafi ya lanƙwasa shi. Kowane gyara cikin waɗannan ƙara matse man yake yi, kwamfureshan ya hau. Haɗa wannan da irin fetur ɗin da muke saye, da zarar na ɗauki hawa da buhu a baya sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Man ne ke fashewa da kansa ba a kan lokaci ba, yana dukan fistan.

Bakanikena ya ce maganin shi ne a rage matsin, ya zana mini lissafin a ƙasa da tsinke. Injin sisi 100 (cc, ma'aunin girman cikin inji) mai matsi 9 da 1, ɗakin ƙonewarsa sisi 12 da rabi ne. Fistan mai faɗin kusan milimita 50, in ka ɗebe rabin milimita daga samansa ka ƙara wa ɗakin sisi ɗaya, matsin ya sauko wajen 8.4. Ya ce iyakarta ke nan, kada a wuce, don saman fistan ba shi da kaurin da za a yi wasa da shi. Ya rubuta 0.5 a kwalin fulogi ya ba ni.

Kwana uku ina zarya shagon mai injin yankan ƙarfe, kullum babu wuta. Rana ta huɗu aka kawo, na same shi a kan benci yana cin gyaɗa, waya a kunne. Na yi sallama, ya amsa da ka. Da ya gama na ce, "Maigida, sannu da aiki. Ga fistan, rabin milimita za a rage." Na miƙa masa kwalin. Ko kallo bai yi ba, ya miƙa wa wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya ce, "Kai, share masa kai."

Na ce, "Maigida, ba za a auna ba?"

Ya daina tauna, ya dube ni tun daga silifa har hula. "Malam, kai injiniya ne?"

Na ce a'a.

"To shekara ashirin ina wannan aiki. Idona ya fi ma'auni."

Masha Allah! Turawa da Indiyawa suna ta ɓata kuɗi wajen ƙera abin awo, ashe ga ido a garinmu yana cin gyaɗa. Ma'aunin kuwa yana rataye a ƙusa, ƙura ta yi masa rawani. Kuma idon mai shekara ashirin ai bai tashi daga benci ba, yaron ne ya ɗaura fistan ya yi ta gurza, garin alminiyam na zuba, ni kuma kunya irin tamu ta hana ni riƙe masa hannu. Na biya, har godiya na yi. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai.

Aka haɗa inji, ƙarar ta tafi, ƙarfin ma ya bi ta. Da asuba sai na yi ta dukan kik har gumi ya keto, a hanya mai keke ya kusa wuce ni, mai kuwa yana shansa kamar raƙumi. Da bakanike ya kwance ya auna da tsohon fistan, milimita biyu cif aka cire. Matsin ya faɗo kusan 7, saman ya yi siriri, tsakiyarsa har ta fara lotsawa.

Na koma da shi a hannu. Na ce, "Maigida, dubi aikin yaronka." Ya jujjuya shi, ya ce, "Ƙarar ta daina ko ba ta daina ba?" Na ce ta daina, amma babur ba ya tafiya. Ya ce, "To ai ƙara ka kawo, ba gudu ba. Ka sayo wani mu sake yi maka, zan rage maka kuɗin aiki." 'Yan benci suka fashe da dariya. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri. Haƙuri! Tun muna yara ake ɗura mana shi, har yau ba mu ƙoshi ba?

Amma tsakani da Allah, me ya kai ni yanka sabon ƙarfe tun farko? A ƙasar da ake haƙo mai, mutum yana nakasa injinsa don ya iya haɗiye abin da ake sayar masa. Matatar Kaduna tun 1980 aka buɗe ta, shekara nawa rabon da mu sha abin da ta tace? A farkon 2022 aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, hukuma da bakinta ta amsa, injina suka lalace, muka yi makonni a layi. Wa ya biya ɗan acaɓa ko sisi? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa dubu. Kuɗi ya ninka, amma in ka tsaya gaban famfo ko kwalbar ɗan bumburutu, babu mai gaya maka ingancin abin da ake zuba maka. Babu mai tambayar wa ya koya wa wane aiki kafin ya kafa inji ya sa yaro a kai, babu inda talaka zai kai ƙara a saurare shi. Mu ma da namu: duk wanda ya ce a auna, sai a ce ya cika iyayi.

Gobe zan ranci kuɗin wani fistan da ringi. Bakanike ya ce wannan karon gaskit mai kauri za mu sa tsakanin silinda da kanta don rage matsin, kuma ma'aunin nasa a aljihuna zai kwana.