Takardar gwaji ba ta ɗauke killacewa

Har yanzu a Damagaram ana cewa zalunci ne da aka killace masu zuwa Kano ko Yamai ganin likita lokacin korona, alhali takardar gwajinsu ta nuna ba su da cutar. Na san zafin abin, ga ciwo, ga kuɗin mota da na masauki. Amma gwaji shaidar ranar da aka yi shi ce kawai. Ƙwayar cutar tana iya kai kwana 14 a jiki kafin alama ta fito. Wanda aka gwada ran Litinin, ya shiga cunkoson mota ran Talata, yana iya kwasowa a hanya. Ɗakin jiran asibiti kuwa cike yake da masu ciwon suga da na ƙoda, waɗanda korona ta fi kayarwa.