Samari uku, jita biyu da ganga

Daren Asabar da ta wuce na yi wajen awa biyu a tsaye a wani ɗan fili a unguwar Osu da ke Ankara, babban birnin Ghana, ina kallon samari uku suna kiɗan rock, kuma har yanzu amon bai bar kunnena ba. Ɗaya na kaɗa jita yana waƙa, ɗaya na riƙe da jitar bes, na ukun yana zaune a bayan ganguna. Ba su da kamfanin faifai, ba su da ubangida. A gabana suka sauke lasifikokinsu daga tasi, su suka ja wayoyi suka haɗa. Mai gangar ɗan zangon Nima ne, da rana gyaran waya yake yi.

Washegari na ba 'yan majalisarmu a Mamobi labari muna shan ataya, sai wani babban yayanmu ya ce, "Haba ƙanena, wannan ai hayaniyar Turawa ce, me ya haɗa ɗan zango da ita?" Na yi shiru saboda girmansa, amma zuciyata ba ta yarda ba.

Yaya, idan makaɗa uku ne kacal, babu inda wani zai ɓuya. Mai bes ya yi sakaci na ƙiftawar ido, kowa zai ji gibin. Ana tsakiyar wata waƙa tsirkiyar jita ta tsinke. Sauran biyun ba su tsaya ba, suka sassauta kiɗan, suka riƙe shi, mai gangar na kallon ɗan'uwansa yana ɗaura sabuwa, gumi na zuba. Da ya dawo sai wurin ya kaure da ihu. Ni a lokacin Ɗan Maraya Jos na tuna, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake riƙe taro, na kuma tuna masu kologo na wajen Bolgatanga da tsirkiyarsu biyu. Kayan kiɗa kaɗan, hannu mai gaskiya, ai abin gidanmu ne. Wanda ban gada ba shi ne abin da nake gani a bukukuwan aurenmu yanzu: a jona filas, mawaƙi ya riƙe makirfo yana motsa baki, mu kuma mu yi masa liƙi.

Kuma kiɗan nan ba baƙo ba ne a Ghana. Ranar 6 ga Maris, 1971, a dandalin Black Star na nan Ankara, an yi wasan Soul to Soul, Santana da Wilson Pickett da Tina Turner duk sun hau dandamali. Kafin nan, a 1969, Teddy Osei da ɗan'uwansa Mac Tontoh, 'yan Kumasi, suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kiɗa ta Osibisa a Landan, suka gauraya highlife da rock har duniya ta san su. Iyayenmu sun yi rawa da wannan kiɗa.

Abin da ya karya makaɗan ƙasar nan sananne ne. Dokar hana fita da dare ta zamanin Rawlings, daga 1982 zuwa 1984, ta kashe gidajen rawa, ga harajin da ya sa kayan kiɗa suka yi tsada. Wasu makaɗa suka tafi Najeriya, wasu Jamus, da yawa suka koma kaɗa wa coci. Shi ya sa yau yawancin masu ganga da jita a Ankara a coci suka koya tun suna yara. Ɗan zango fa, ina zai koya? Wannan yaron na Nima ya gaya mini a kan bokitai da jarkoki ya fara, yana kallon YouTube a wayar da aka kawo masa gyara, har ya tara kuɗin ganga ta hannu. Wallahi da ya faɗa sai da idona ya ciko.

Na san akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa gaba ɗaya saboda addini, ina girmama su, ba da su nake ba. Maganata da mu ce, masu saurare dare da rana, masu biyan DJ a ranar suna da ranar aure, amma idan an ce kuɗin shiga wurin da yaranmu ke kaɗawa da hannunsu sai mu fara neman wanda muka sani a bakin ƙofa. A daren nan na ga mutane da manyan wayoyi suna roƙon a bar su su shiga kyauta. Daga wannan ɗan kuɗin ne za a biya mai sauti, a biya tasi zuwa da dawowa, a sayi tsirkiyar da ta tsinke, sannan a raba abin da ya rage gida uku.

Sun gama wajen ƙarfe ɗaya na dare. Na taya mai gangar ɗaukar kaya zuwa bakin titi, na tambaye shi ko babansa ya sani. Ya ce ya sani, bai hana ba, amma bai taɓa zuwa ba. Ƙarshen wata za su sake wasa a Jamestown. Yaya, na riga na ware kuɗin shigarka, kuma ni zan biya kuɗin trotro, motar haya.